Don Allah ku ba ni shawara: tafiyar Wutai ta haɗa ni da Kawu

Ɗalibin Taiyuan:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba. Ni ɗalibi ne a Taiyuan, babban birnin lardin Shanxi a arewacin Chaina, ina karatun zanen gine-gine, shekarata ta uku. Tun rasuwar mahaifinmu Kawu ne ya riƙe mu, ƙanin Hajiyarmu. Shi ya sayar da filinsa ya biya mini kuɗin jirgi, har yanzu duk bayan wata biyu yana turo abin da ya sawwaƙa saboda kuɗin tallafin ba ya kai ni ƙarshen wata, ga shi kuma 'yarsa aka yi mini maganarta tun muna yara, ko da yake wannan wani zance ne daban, kuma shi mutum ne da in ya ce a'a ko Hajiya ba ta iya tankwara shi. To malaminmu ya shirya tafiyar kwana huɗu. Za mu ga hasumiyar katako ta Yingxian da aka gina a 1056, sannan mu wuce tsaunin Wutai mu auna wani ɗakin ibadar mabiya Buda mai suna Foguang, wanda babban zaurensa tun shekarar 857 yake tsaye. Rahoton tafiyar yana cikin makin zangon nan. Kawu ya ce in na taka wajen gumaka kada in sake kiran wayarsa. Jibi za a rufe rubuta suna. Me zan yi?

Alhaji Mai Kwantena:
Wa alaikumus salam. Yaro, ka je. Na gama magana. Shekarata goma sha huɗu ina shiga Chaina, daga Gwanzu har Datong babu inda ban taka ba. Kogwannin Yungang da ke kusa da Datong da ƙafata na zaga su, dutse ne aka sassaƙe tun wajen shekara ta 460, gumaka sama da dubu hamsin, wasu ba su kai ɗan yatsa ba, babban kuwa mita 17. Na tsaya, na kalla, na ce Allah mai iko, na fito na shiga tsohon garin Datong na yi azahar a masallacinsu. Me ya ragu a jikina? Kallo daban, bauta daban.

Maman Ikram:
Ni tambayata ɗaya. Ta yaya Kawun ya san akwai gumaka a wurin? Kai ka faɗa masa?

Ɗalibin Taiyuan:
Hajiya, a hutun farkon Oktoba mun je Yungang da abokai, na saka hoto a zauren iyalinmu na WhatsApp. A gaban babban nan na waje da kowa ke ɗauka, wanda gaban kogonsa ya rushe tun da can.

Maman Ikram:
A zauren iyali? Ƙanena, kai ma dai. Tsaye kawai kake a hoton?

Ɗalibin Taiyuan:
Na ɗan haɗa tafin hannu. Wasa ne wallahi, duk abokan haka suka yi, sanyi ma ake yi.

Malam Na Zariya:
Subhanallahi. Ashe ba tafiyar ce matsalar ba. Ka fara da istigfari, sannan ka kira Kawunka ka ba shi haƙuri, ba ka zo nan kana neman masu ɗaure maka gindi ba. Alhaji, da girmanka, amma "na gama magana" ba fatawa ba ce. Yaron nan ya nemi malami ya zauna da shi.

Alhaji Mai Kwantena:
Malam, ni ban ce fatawa na bayar ba, abin da idona ya gani na faɗa. Kun taɓa ganin ɗakin ibadar nan da ke rataye a jikin dutse kusa da tsaunin Heng? Daga ƙasa za ka ga wasu siraran sanduna ka ɗauka su ke riƙe da ginin. Ashe nauyin yana kan manyan katakai ne da aka cusa cikin dutsen. Da na hau, barandar ba ta fi faɗin mutum ɗaya ba, katako na ƙara a ƙarƙashin ƙafata, na baya na turo ni, babu halin juyawa. Salatin da na yi a wurin ko a jirgi ban taɓa yin irinsa ba. Mai karatun gini ya ga wannan ai ya ƙaru. Mu a gida bene hawa uku muke yi da siminti da rodi, damina biyu ya tsage. Ka je, yaro.

Ɗan Damagaram:
Ku kuna ta zancen gumaka, ni abin da ya ci mini tuwo a ƙwarya a lardin nan masauki ne. Wani ƙaramin gari muka sauka da dare, otal uku suka ce ba sa karɓar baƙi 'yan ƙasar waje. Ga sanyi, ga jaka, ga fasfo a hannu kamar mai bara. Ƙarshe a tashar jirgin ƙasa na kwana a zaune. Tun daga nan na daina yawon buɗe ido.

Uwar Biyu:
Wallahi kuwa. Ga abinci. Taliyar nan tasu da ake fereye ƙullin da wuƙa yana faɗawa cikin tukunya, daɗin kallo gare ta, amma romon fa? Ɗana sai da ya ci rabin kwano ya gane na alade ne. In ba ka ga alamar halal a ƙofa ba, kada ka zauna. A Wutai kuwa ka nemi abincin masu ibadar wurin, yawancinsu ba sa cin nama.

Malam Na Zariya:
To kun ji. Yau kallo, gobe cin abincinsu, jibi kuma me?

Ɗalibin Taiyuan:
Malam, don Allah a fahimce ni. Ba yawo zan je ba. A duk Chaina gine-ginen katako na zamanin daular Tang da suka rage ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, kuma kusan duka a Shanxi suke. Foguang ma sai a 1937 masana biyu, Liang Sicheng da matarsa Lin Huiyin, suka tabbatar da shekarunsa, bayan matar ta hango rubutu a jikin katakon rufi. Abin da za mu duba shi ne yadda aka sarƙa katakai a kan ginshiƙi suka ɗauki nauyin rufi. Hasumiyar Yingxian mita 67 ce, ta sha girgizar ƙasa da harsasan yaƙi tana nan, ta ɗan karkace ne kawai, shi ya sa ma yanzu hawan ƙasa kaɗai ake bari a shiga. Ni rufi zan kalla, ba abin da ke zaune a ƙarƙashinsa ba.

Maman Ikram:
Duk wannan bayanin ka yi wa Kawu shi?

Ɗalibin Taiyuan:
Ba zai gane ba. Kuma hoton ai na goge shi.

Alhaji Mai Kwantena:
Kada ma ka wahalar da kanka. Ka je ka dawo shiru, wa zai kai masa labari? Ka dai sayi rigar sanyi mai kauri. Wutai kololuwa biyar gare shi, ta arewa ta haura mita 3,000, ko da bazara sanyi ake yi, balle yanzu. Alwala ka riƙa yi da ruwan filas. Ni da na bi maganar dangi da har yau ina rumfar babana ina auna gero.

Uwar Biyu:
A'a Alhaji, ban da ƙarya. Mutumin da ya sayar da filinsa saboda kai? Ranar da ya ji, ba kuɗin kaɗai za ka rasa ba, har yarinyar. Ka sa Hajiyarku ta shiga tsakani.

Ɗan Damagaram:
Ko ka roƙi malamin ya ba ka wani aikin. Pingyao ai tana kusa da ku, tsohon gari ne da ganuwarsa da gidajen attajiran da, ka auna su. Ko da yake in irin malamina ne, wata shida ina bin sa ya sa mini hannu a takarda ɗaya.

Ɗalibin Taiyuan:
Pingyao yawancinta ginin zamanin daulolin Ming da Qing ne, ba shi muke karantawa a zangon nan ba. Hajiya kuma tun kan maganar filin ba sa ga maciji da Kawu sosai. Kuɗin motar ma na riga na biya tun makon jiya, ba a mayarwa.

Maman Ikram:
Ka riga ka biya? To shawarar me kake nema a wajenmu?

Malam Na Zariya:
Ni dai na faɗi tawa. Allah ya shirye mu.

Alhaji Mai Kwantena:
In kun tsaya a Datong ka yi mini magana, zan kwatanta maka inda ake gasa naman rago kusa da masallacin.

Ɗalibin Taiyuan:
Na kira Kawu sau biyu yanzu, tana shiga ba ya ɗauka. Can gida yanzu ƙarfe nawa ne ma?