Neman shawara: an saya mana tikitin wasan Pataya, in je ko in ƙi?

Maman Iman: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masu zuwa Bankok ku ba ni shawara, kaina ya kulle. Yanzu ƙarfe 1 na dare a nan Bankok ta ƙasar Tailan, ku can 7 na yamma, barci ya gagare ni.

Wannan ne zuwana na farko. Shekara 6 ke nan ina saro takalma da jakunkuna ta hannun facalata, matar yayan maigidana. Ita ke zuwa, ni in tura kuɗi. Bara aka kawo min kaya rabi ba lambar da na ce ba, duk 37 da 38, alhali matanmu 40 zuwa 42 suke nema, har yau suna jibge a shago suna shan ƙura. Da na yi magana ta ce ai ba ita ta ɗinka takalman ba. Maganar nan har gaban Hajiya surukarmu ta je, aka ce ni ce ƙarama in yi haƙuri. Shi ya sa bana na ce sai na zo da ƙafata. Biza ta wahalar da ni, na sayar da sarƙata ta gwal na cika kuɗin jirgi, muka biyo ta Addis Ababa. Yau kwananmu 4 a Pratunam, unguwar kasuwa a Bankok, ɗaki ɗaya ni da ita, sai dai gaisuwa da "miƙo min caja".

To matar da muke sayen kaya a wurinta 'yar ƙasar ce, mutuniyar kirki, har ta yarda in biya rabi, sauran sai kaya sun isa Kano. Jiya tana ta fara'a ta nuna mana a waya wai ta saya mana tikiti, ranar Asabar ɗanta zai kai mu Pataya mu ga teku, da yamma mu shiga wani wasa wai shi Tiffany's. Na ga hoton kyawawan mata da gashin tsuntsu a ka, har na ce masha Allah. Sai a cikin lifta facalar tawa take gaya min tana dariya, wai dukkansu maza aka haife su. Ita ta taɓa shiga, ta ce ba komai a ciki sai rawa da waƙa.

Ni dai zuciyata ba ta kwanta ba. In na ƙi, ina jin kunyar matar nan, ta kashe kuɗinta, ga kuma bashin da za ta ba ni. In na je, ban san me idona zai gani ba. Yaya zan yi?

Hajiya Mai Atamfa: Wa alaikumus salam. Ke Maman Iman kwantar da hankalinki, a kan wannan kika hana idonki barci? Tun 2009 nake zuwa garin nan, babu lungun Pratunam da ƙafata ba ta taka ba. Wasan da aka saya miki shi ne tsohon hannu a Pataya, tun 1974 ake yin sa. Akwai wani Alcazar a titi ɗaya da shi, a nan Bankok kuma akwai Calypso a Asiatique, bakin kogi. Duk jirgi ɗaya ya kwaso su.

Zaure ne babba da kujeru a jere kamar sinima. A kashe fitila, a yaye labule, awa ɗaya da 'yan mintuna an tashi. Ba ma su ke rera waƙar ba, faifai ake sakawa suna motsa baki. Su fito da kayan Sin, su shige, su dawo da na Indiya, su dawo da na Koriya, saboda baƙin waɗannan ƙasashen ne suka cika wurin. Za ki ga tsofaffi, za ki ga mutum da matarsa da 'ya'yansa. Ba tsirara ake yi ba. Amma kar in rufe ki, akwai shigar da rabin jiki a waje yake, irin ta fina-finan Indiya na yanzu da kuke kallo a falo da yaranku. Inda ake abin Allah wadai a Pataya shi ne titin Walking Street, can kam ko da kuɗi aka haɗa ki kar ki leƙa.

Kuma ki san halin mutanen nan. In kika ce mata a'a ƙiri-ƙiri, murmushi za ta yi ta ce "mai pen rai", wato ba komai, amma ta ƙulle shi a ciki. Ki je ki zauna, in an zo inda bai yi miki ba ki sunkuyar da kai, ki fito ki yi mata godiya. Shi ke nan.

Malama Ummu Abdallah: Subhanallah. Hajiya, da girmanki, ki ji tsoron Allah a kan shawarar da kike bayarwa. Hadisin Ibn Abbas yana cikin Bukhari, Manzon Allah (SAW) ya la'anci maza masu kamanta kansu da mata, da mata masu kamanta kansu da maza. Wurin nan kacokan don haka aka gina shi, kuma kuɗin tikiti ne ke riƙe da shi. Maman Iman, ke da bakinki kika ce zuciyarki ba ta kwanta ba. An ce ka bar abin da kake kokwanto zuwa wanda ba ka kokwanto. Arzikinki ba a hannun matar nan yake ba.

Maman Iman: Malama na gode, amma ba fa ni na saya ba. An riga an biya, ko na je ko ban je ba kuɗin ya shiga aljihunsu.

Malama Ummu Abdallah: Da giya ta saya miki, sai ki sha don an riga an biya?

Maman Iman: Haba Malama, ai ba ɗaya ba ne.

Maman Twins: Ni duk ba wannan ne ya dame ni ba. Facalar nan da ta kai ki ƙara gaban surukarku a kan takalmi, ita ce za ki shiga irin wurin nan da ita? Waya na hannunta fa. Ranar da kuka sake saɓawa, hotonki zai isa gidanku kafin ki sauka a jirgi. Ni kishiya ba ta yi min abin da facala ta yi min ba. Bikin ƙanwata na ɗan taka rawa, minti 2 bai cika ba, ta ɗauka ta tura wa maigidan yana Legas. Wata 3 muna 'yar tsama, har yau in ya so ɓata min rai sai ya tayar da zancen.

Maman Iman: A'a, ba ita ta kai wa surukarmu ƙara ba, ni ce na fara faɗa wa maigidan shi kuma ya kai. Kuma ai ita ma za ta shiga, in ta tona ni ta tona kanta.

Maman Twins: Ita uwargidan babban wa ce, wa zai tuhume ta? To, na dai faɗa miki.

Anti Nas: Bari in sa baki, don na yi wata 2 a Bankok ina jinyar mahaifiyata. Mu muna jin labarin sai mu ce 'yan daudu, amma abin ya ɗan bambanta. Su a can kathoey suke ce musu. Da yawansu ba shigar wasa suke yi su cire in an tashi ba, haka suke rayuwa dare da rana a matsayin mata, suna shan magungunan da ke sauya jiki, wasu har tiyata an yi musu. Wadda take sayar min da magani a kantin kusa da masaukinmu, sai da na yi sati 3 ina zuwa kafin na gane, shi ma daga murya. Ita ce ta riƙa rubuta min adireshi da rubutunsu ina nuna wa masu tasi, ranar da Mama ta galabaita ita ta tsaya a titi cikin ruwan sama ta tare mana mota.

Kuma ba wai daɗi suke ji yadda ake zato ba. Katin shaidarsu namiji yake nunawa, doka ba ta ba su damar canzawa ba, ko da yake tun Janairun 2025 ƙasar ta halatta auren jinsi. Duk watan Afrilu in ana tantance samari don aikin soja, inda ake zarar kati ja ko baƙi, su ma dole su je su zauna cikin maza da takardar likita kafin a sallame su. Ayyuka da yawa ba a ɗaukarsu, shi ya sa suka yi yawa a gyaran gashi, kwalliya da irin wannan wasan. Ban ce ki je ba, ban ce kar ki je ba. Amma in kin ƙi, ki ƙi don addininki, kar ki yi wa matar nan yatsina kamar ta kawo miki ƙazanta. A wurinta karramawa ce, kamar mu kai baƙo kallon hawan Daushe.

Hajiya Mai Atamfa: Yauwa Nas, Allah ya yi miki albarka. Abin da nake faɗa ke nan.

Anti Nas: Hajiya ba daidai da naki na faɗa ba fa.

Ladidi Fagge: Ni dariya ma abin yake ba ni. Mu da muka tashi muna ganin 'yan daudu suna tuyar kaji a tasha, su ne masu girkin biki, har gida ake kiransu. Bikin yayata wani ne ya yi mana waina da miyar taushe, har yau ana zancenta a dangi. A lokacin babu wanda ya ce abincin haram ne. Sai an ce Tailan kowa ya zama malami.

Malama Ummu Abdallah: Ladidi, sayen abinci a hannun mutum daban, biyan kuɗi a zauna kallon abin da aka hana daban. Kuma malamai irin su Imam Nawawi sun rarrabe tsakanin wanda aka halitta da ɗabi'ar mata ba da yin kansa ba, da wanda ya ɗora wa kansa. Ni ban zagi kowa ba, Allah ya shirye mu baki ɗaya. Hukuncin zama a wurin nake magana.

Hajiya Mai Atamfa: Malama kin taɓa fita saro kaya? Kin san yadda ake samun mai ba da kaya bashi a ƙasar da ko yarensu ba ka ji? Shekara 4 na yi ina saye kuɗi hannu kafin wani ya yarda da ni. Yarinyar nan zuwan farko ta samu, za ku sa ta yi wasa da shi. In takalma suka ƙi zuwa, ku za ku mayar mata da sarƙarta?

Hadiza Maraɗi: Ku yi haƙuri, akwai hanya ta tsakiya. Pataya kusan kilomita 150 ce daga Bankok, tafiyar awa 2. Ki bi su, ki ga teku, ki ce a kai ku lambun Nong Nooch ki yi hotuna ki tura wa matar, ta ga kin ji daɗin kyautarta. In lokacin wasa ya yi ki ce kanki na ciwo, ki jira su a mota.

Malama Ummu Abdallah: Sai kuma a gyara ɓarna da ƙarya? Ta faɗi gaskiya kawai, addinina bai yarda ba. Akwai Musulmi a ƙasarsu, sun san mai kallabi ba ta cin alade, wannan ma za su gane.

Maman Iman: Matsalar Turancin matar kaɗan ne, nawa ma haka, da kalkuleta muke ciniki. Facalata ce ke fassara, ban san yadda za ta juya maganar ba.

Maman Sadik: Tunda ana zancen Bankok, don Allah wa ta san ejan na kago mai amana? Kayana wata 5 ke nan, kullum sai ya ce min suna kan ruwa. Na biya shi kuɗin jirgin sama fa, ba na ruwa ba. Yanzu ko wayata ba ya ɗauka.

Hajiya Mai Atamfa: Maman Sadik ki same ni ta gefe. Maman Iman, abu ɗaya na manta. In an tashi suna jeruwa a waje ana hoto da su, kuma ba kyauta ba ne, duk wadda ta tsaya a gefenki sai kin ba ta nata. Wata da muka je tare ta tsaya cikin su 4 tana washe baki, sai ga hannu 4. Ke dai ki wuce mota kai tsaye, kin huta da kashe baht, kuɗin ƙasar, kin huta da maganar Maman Twins.

Anti Bilki: Duk an yi ta magana, babu wadda ta yi tambaya ɗaya. Maman Iman, Baban Iman ya sani?

Maman Iman: Ya san za mu Pataya.

Anti Bilki: Wasan nake nufi.

Maman Iman: Anti ba ki san shi ba ne. Da ƙyar ya bar ni na zo, sai da yayansa ya sa baki. In na faɗa masa ba wasan kaɗai zai hana ba, ni da sake fita sai dai in gani a waya. Kuma ni ban ce zan shiga ba ai, shawara nake nema.

Anti Bilki: To abin da ba za ki iya faɗa masa ba, facalarki za ta iya.

Maman Iman: Yanzu ɗan matar ya turo saƙo wai ƙarfe 8 na safe zai zo ɗaukarmu, tikitin na ƙarfe 6 na yamma ne. Facalata har ta fito da abayar da za ta saka ta rataye. Hajiya, 6 ɗin nan ba lokacin magariba ba ne? Akwai inda mutum zai yi salla a can?

Hajiya Mai Atamfa: Akwai masallaci a kan titin Sukhumvit, direba ya sani. Kuma ke matafiya ce, ki haɗa da isha'i.

Malama Ummu Abdallah: Inna lillahi. A jinkirta magariba saboda wannan?

Ladidi Fagge: Maman Iman, kafin ki kwanta, 'yan 37 da 38 ɗin nan da suka yi miki kwantai, nawa za ki bar min dozin?