Da gaske waken SAMPEA 20-T ya gama da tsutsa har abada?

Baffa (Kumo): Jama'a, ni na yanke hukunci. Waken nan SAMPEA 20-T da cibiyar binciken noma ta Samaru, Zariya, ta fitar a 2019 ya kashe maganar tsutsar fure da kwanso. A da sai an yi feshi shida zuwa takwas, yanzu biyu ya isa. Baɗi duk gonata shi zan zuba, kowa ma ya watsar da tsohon iri. Tsutsa ta ga ta kanta har abada.

Inna mai ƙosai: Baffa, Allah ya ja da rai, abin da ya kashe tsutsa daga cin ganye kawai, mu da muke cin ƙwayar fa? Ni a Tudun Hatsi nake sayen wake, yara ne masu cin ƙosaina.

Ɗalibi (Kashere): Inna, tambayarki a kan hanya take. Abin da ke kashe tsutsar daga wata bakteriya ce ta cikin ƙasa aka samo shi, Bacillus thuringiensis, ana ce mata Bt. A Japan aka fara gano ta a 1901 tana kashe tsutsar siliki, kuma tun 1938 ake sayar da ita a Faransa a matsayin maganin feshi. Tana yin wani furotin mai kashe tsutsa, sai aka ɗauko ƙwayar gadon da ke yin shi aka sa cikin waken nan, na cikinsa sunansa Cry1Ab. Idan tsutsa ta ci, ruwan hanjinta yakan gutsure shi ya fito da sashen mai aiki. Sai ya manne a wasu gurabe na musamman a jikin ƙwayoyin bangon hanjin, ya taru ya huda ƙananan kafofi. Ruwa ya dinga kwarara cikin ƙwayoyin, su kumbura su fashe. Tsutsa ta daina ci, cikin 'yan kwanaki ta mutu. Kamar makulli ne da kwaɗo: in babu gurbin, ba abin da zai buɗe. Hanjin mutum ba shi da wannan gurbi, kuma tsamin cikinmu yana narkar da shi yadda yake narkar da sauran furotin.

Inna mai ƙosai: To ɗana, na ji. Amma dai ina so in san wanne nake saye, a kasuwa duk a gauraye suke.

Baffa (Kumo): Kun ji ko? Yaro ya tabbatar da maganata.

Malamin gona: A'a Baffa, rabinta ya tabbatar. "Har abada" ɗin nan ce ban yarda da ita ba. Tun da sai furotin ya sami gurbi yake aiki, to a cikin dubban tsutsotsi ba a rasa ɗaya da aka haifa gurbinta ya ɗan bambanta. Ita za ta ci ta rayu. In duk yankin iri ɗaya ne, sauran sun mutu, ita da ire-irenta ne za su yi ta hayayyafa. An gani a Indiya: jar tsutsar auduga ta bijire wa audugar Bt, wato wadda aka sa wa furotin Bt, a jihar Gujarat wajen 2009, daga baya ta bijire wa mai furotin biyu ma. A Afirka ta Kudu tsutsar karan masara ta yi wa Cry1Ab haka, wato irin furotin ɗin wakenmu.

Baffa (Kumo): Malam, wannan auduga ce da masara, a ƙasashen wasu. Ina ruwan wakena?

Malamin gona: Tsutsa ba ta san iyakar ƙasa ba, Baffa. Wadda ta addabi masararmu tun 2016 daga nahiyar Amurka ta zo, kuma danginta sun riga sun bijire wa masarar Bt mai wani furotin, Cry1F, a tsibirin Fotoriko. Abin da ake so shi ne a bar wani yanki da tsohon iri kusa da sabon. A nan tsutsotsi marasa juriya za su girma su zama malam-buɗe-littafin dare, su haɗu da mai juriyar. Galibi sai an gaji juriyar ta wajen uwa da uba take aiki, don haka 'ya'yan da suka haɗa jini waken yana kashe su. Manoman Indiya da yawa ba su shuka wannan yanki ba.

Mai aune (Dukku): Wato in yi wa tsutsa noma da hannuna? Da tsadar iri da ta ƙwadago? Wanda yake da albashi ne zai faɗi haka.

Malamin gona: Yaya, asara ce kam, ban musa ba. Amma a Amurka da suka kiyaye wannan, suka haɗa da sakin malam-buɗe-littafin da ba ya haihuwa, a 2018 suka sanar da kawar da jar tsutsar auduga daga gonakinsu.

Ɗalibi (Kashere): Kuma Baffa, kada ka jingine famfon feshi. Waken ba ya taɓa darɓa, ko ƙwarin da ke tsotse kwanso, balle ƙwaron da ke huda wake a buhu. Feshi biyun nan dominsu ne.

Baffa (Kumo): Maƙwabtana duka tsohon iri suke shukawa. Ba su isa su zame mini wancan yankin ba?

Malamin gona: A bana za su iya isa. Amma ai kai ne ka ce kowa ya watsar da tsohon iri.

Mai aune (Dukku): Ni dai a fara gaya mini inda zan sami iri na gaskiya, ba wanda aka ɗebo a kasuwa aka sa a leda ba.