Ɗan kwangila ya yaye min rufi ya ɓace, ga damina na tafe

Mai tambaya: Salamu alaikum 'yan uwa. Gidan gado ne a Kano, mu biyar muka gada, sai da aka shekara biyu ana kai ruwa rana kafin na biya ƙannena rabonsu ya zama nawa. Na ba wani ɗan kwangila gyara a kan miliyan 6: sabon kwano, filasta, tayil da wayarin. Ya karɓi miliyan 4.5, ya yaye rufin ɗaki biyu, ya yi filastar falo, shi ke nan. Sati bakwai waya a kashe. Ƙanin matata ne ya kawo shi. In kai shi wurin 'yan sanda?

Barista: Wa alaikumus salam. Akwai takardar yarjejeniya? Kuɗin ta banki ka tura ko hannu da hannu?

Mai tambaya: Ba takarda, mutumin gida ne. Miliyan 3 ta banki, sauran a hannu.

Barista: Yarjejeniyar baka ma tana aiki, tabbatar da ita ce wahala. Ciro bayanan asusunka, ka adana saƙonnin WhatsApp, kotu na karɓarsu a ƙarƙashin sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011. 'Yan sanda kuwa, sashe na 32(2) na dokarsu ta 2020 ya hana kama mutum don saɓa yarjejeniya kawai. Rubuta masa takarda, ka ba shi kwana 14 ya dawo bakin aiki ko ya maido kuɗi, ya sa hannu ya karɓa. In wa'adin ya cika, ka soke kwangilar a rubuce, ka nufi kotun ƙananan basussuka.

Alhaji: Barista, turanci kake. Ya kai shi caji ofis, kwana ɗaya a bayan kanta kuɗi za su fito. 'Yan kwangilar yanzu da kuɗin wannan suke ƙarasa aikin wancan.

Barista: In aka tsare shi ba bisa ƙa'ida ba, shi zai maka Malam a kotu kan tauye haƙƙi, ya nemi diyya. Sai dai in an ba shi kuɗi takamaimai na sayen kwano ya karkatar, wannan cin amana ne a sashe na 311 na kundin dokar laifuka, wato Penal Code.

Injiniya: Ku bar kotu tukuna, gidan ake ji. Malam, yau ka sa tamfol a kan ɗakunan nan, ruwa ɗaya zai jiƙa katako ya kumbura filasta. Simintin da ya rage a ɗora shi kan katako, nesa da bango. Ya wuce wata uku ya fara dunƙulewa. Amma kada sabon magini ya taɓa komai sai ka ɗauki hoto da bidiyo, mai ƙiyasin gini ya auna aikin ya rubuta ƙimarsa. Kuma wa ke ba da kashi 75 tun rufi bai hau ba? Mataki-mataki ake biya, a riƙe kashi 10 sai an miƙa makulli.

Mai tambaya: Cewa ya yi kwano zai tashi, gara a saya da wuri. Kuma ya tashin.

Barista: Lissafin haka yake: in wani zai ƙarasa a kan miliyan 3.8, ka cire miliyan 1.5 da ta rage ba ka biya shi ba, miliyan 2.3 za ka nema. Miliyan 1.5 ɗin da ka ba shi a hannu, a gaban wa?

Hajiya: Ɗan uwa, da surukuta a ciki, kada ka fara da kotu. Kai maganar Hisba ko wurin mai unguwa, a zo da ƙanin matar taka, a rubuta sulhu da shaidu da ranakun biya.

Barista: Sulhu da wanda ba a san inda yake ba? Ko sammaci sai da adireshi.

Mai tambaya: Na san gidansu, amma mahaifiyarsa ba lafiya, ba na son tayar musu da hankali. Tamfol ɗin nawa zai ci?