Sayayya wajen mai shagon unguwa: shawarwarin da aka bayar

A hirar da wasu mazauna unguwa suka yi a Kano kan sayayya wajen masu tireda, maganar bashi ce ta fi ɗaukar lokaci. Mai shago da ɗan jarinsa yake saro kaya a Kasuwar Singa, don haka wanda ya karɓi bashi ya faɗi ranar biya, ya kuma cika alkawari. In albashi ya makara, ka je da ƙafarka ka yi bayani, kada ka riƙa sauya hanya. Dattawa sun tuna farkon 2023, lokacin sauya takardun naira da kuɗi suka yi wuya: masu shagunan nan ne suka riƙa ba magidanta shinkafa da sabulu a rubuce. Wannan magana ta fi ratsa ni, domin babban kanti ba ya yi wa kowa haka.

Mata suka kawo batun awo. Kwano ba ɗaya ba ne, a tsaya a auna a gabanka. A duba ranar lalacewa da lambar NAFDAC (hukumar kula da ingancin abinci da magunguna) a jikin madara da tumatirin gwangwani. Yaron da za a aika, a rubuta masa saƙo a takarda.

An ɗan yi gardama kan farashi. Buhun hatsi ya fi araha a kasuwar Dawanau, amma cefanen yau da gobe kuɗin adaidaita sahu kan cinye rarar. In da taransifa ka biya, jira mai shago ya ga alat kafin ka tafi.