Masu cajin babura a Yamai: a haɗa kai ko kowa tasa ta fisshe shi?

Mai caji a Wadata: Salamu alaikum. Ni dai na ce mu masu cajin babura da adaidaita masu batiri, in ba mu haɗa kai ba, duk rufewa za mu yi. Farantan sola goma sha biyu na ɗora bisa rufi. Maƙwabcina ya rage dala ashirin ta sefa a kuɗin caji, ni ma na rage, ya sake ragewa. Yanzu ko kuɗin gyara ba ya fita.

Malamin lissafi: Alhaji, wannan tarko masana sun san shi tun 1950 a Amurka, suna kiransa matsalar fursunoni biyu. Kowa in ya dubi aljihunsa kaɗai, ragewa ta fi masa. In duka suka rage, duka sun faɗi. Irin wannan nazari ya ba John Nash kyautar Nobel a 1994. Amma ku kullum kuna haɗuwa, wanda ya karya alkawari yau, gobe a rama masa. Wannan ke riƙe amana.

Ɗan kabu-kabu: Malam, amanar nan a wuyanmu za ta ƙare. Ku zauna ku tsaida farashi guda, mu kuma ina za mu je? Ban yarda ba.

Hajiya daga Yantala: Ɗana yana da gaskiya. Farashi a bar shi ga kasuwa. Abin haɗawa shi ne bakin caja. Jiya yaro ya turo babur tun daga Katako, gumi sharkaf, filoginsa ya ƙi shiga nawa, ya juya yana turawa. Abin ya tsaya mini a rai. A Turai kamfanonin mota BMW da Ford da Daimler da Volkswagen, kishiyoyin juna, sun kafa Ionity, kamfanin tashoshin cajin mota, tare a 2017. A 2023 Ford ta amince ta koma bakin caja irin na Tesla, kamfanin motoci masu batiri, a Arewacin Amurka. Ba su fasa gasar sayar da mota ba.

Mai caji a Wadata: Hajiya, mai manyan batura me zai ci in ya buɗe wa ƙanana ƙofa?

Hajiya daga Yantala: Mutane ba sa sayen babur ɗin don tsoron mutuwar batiri a hanya. In ko'ina ana caji, masu saye su ƙaru, shi ma ya ci. Ka tuna Agustan 2023, da Nijeriya ta yanke wa NIGELEC, kamfanin wutar Nijar, wuta? Mai sola bai fasa aiki ba.

Ɗan kabu-kabu: Filogi guda, na yarda. Amma ranar zaman a kira mu, kuma kowa ya rubuta farashinsa a ƙofa.