Zauren dangi: an ƙwace WhatsApp ɗin Inna, me za mu koya wa iyayenmu?

Maman Sadiq: Assalamu alaikum. Don Allah duk wanda ya ga saƙo daga lambar Inna ana neman rancen dubu hamsin, kada ya tura. Ba ita ba ce. Jiya bayan la'asar wani ya kira ta, ya ce daga ƙungiyar matan masallaci yake, wai za a yi taro ta waya, an turo mata lambar shiga, ta karanto masa. Ta ɗauko tabarau ta karanto masa lambobi shidan ɗaya bayan ɗaya, har da godiya ta yi masa. Kafin magariba komai ya fita daga wayar. Tun safe ko koko ba ta sha ba, sai cewa take ta ja wa mutane asara. Ku ba ni shawara.

Kawu: Wa alaikumus salam. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ni ma na ga saƙon da asuba, Allah ya sa na kira ta kafin na yi komai. Ki ce mata ta kwantar da hankalinta, wanda ya cuce ta shi ke da abin kunya.

Auta: Yaya, layin yana hannunta har yanzu ko? In yana nan, da sauƙi. Ki buɗe WhatsApp a wayarta ki sake sa lambarta, za su turo sabbin lambobi shida. Kina shigar da su, ɓarawon zai fita daga can. Matsala ɗaya ce: in ya riga ya sa nasa makullin, wato lambar sirri ta biyu da ake sa wa WhatsApp, za a ce ki jira kwana bakwai kafin ki shiga. Amma ko a haka shi ya fita, ba zai ci gaba da yi wa mutane magana da sunanta ba.

Auta: Kuma kowa a nan ya sa wannan makullin yau ɗin nan. Ku shiga saitin, ku danna Account, ku nemi inda aka rubuta Two-step verification, ku zaɓi lambobi shida da ku kaɗai kuka sani. Banda shekarar haihuwa, banda 123456. Minti biyu ne.

Baban Hanifa: Ni a ganina a sayo mata ƙaramar waya mai madannai kawai, a huta. Tsofaffi da babbar waya sai wahala.

Anti: A'a Baban Hanifa, ban yarda ba. Da wannan wayar take jin tafsiri, da ita take ganin jikokinta na nesa. Don an yi wa mutum sane a kasuwa ba a hana shi zuwa kasuwa, nuna masa ake yi yadda zai riƙe jakarsa. Kuma ba tsofaffi kaɗai ba ne. A wurin aikinmu akwai mai digiri biyu da aka yi wa irin wannan. Mu ne muka saya wa iyayenmu wayoyin muka miƙa musu ba tare da mun zauna da su ko sau ɗaya ba.

Baban Hanifa: Gaskiya ne Anti, na karɓa. To ga tawa gudummawar, tunda ni harkar kuɗi nake gani kullum a shago. Babu bankin da zai kira ka ya tambaye ka lambar sirrin katinka ko lambar da aka turo maka ta saƙo. Babu. Ko ya faɗa maka cikakken sunanka da BVN ɗinka, kashe wayar ka tafi reshe da ƙafarka. Na biyu, hoton rasit ba kuɗi ba ne. Ni ba na ba da kaya sai na buɗe manhajar bankina na ga kuɗin sun zauna. Na uku, duk wanda ya ce zuba dubu ɗari ka kwashi dubu ɗari biyu a wata guda, ka tuna tsare-tsaren zuba kuɗi na damfara da suka cinye kuɗin mutane, MMM a ƙarshen 2016 da CBEX a Afrilun 2025. Sunan ne ke canzawa, rigar ɗaya ce.

Malam: Allah ya saka da alheri. Ni abin da ya fi damuna ba a taɓo shi ba tukuna, kuma a cikin zauren nan yake. Mu kanmu muna tura abin da ba mu bincika ba. Makon jiya aka turo mana saƙon murya na minti bakwai, wani da ba a san ko wane ne ba yana cewa an sa guba a wani abinci. Mutum huɗu suka amsa da "Allah ya kyauta", na tabbata wasu sun wuce da shi gaba. Wa ya yi maganar? A wane gari? Yaushe? Ba wanda ya tambaya.

Ku tuna watan Agustan 2014, lokacin Ebola. Cikin dare aka yi ta kiran juna a tashi a yi wanka da ruwan gishiri, a kuma sha. Na tuna mata a layinmu suna hura wuta kafin asuba, ana ɗumama ruwa a manyan tukwane, yara suna gyangyaɗi a tsakar gida. An kwantar da mutane a asibiti, wasu suka rasa rayukansu, alhali cutar ba ta ko zo kusa da su ba. Duk wanda ya kira ɗan uwansa a daren nan don ƙauna ya kira. Ƙaunar ce aka hau.

Allah ya ce mana a Suratul Hujurat, aya ta 6, idan fasiƙi ya zo mana da labari mu nemi bayani. Ba a cire labarin waya daga ciki ba.

Kawu: Malam ka sosa mini inda ke mini ƙaiƙayi. Amma mu da ba mu iya ba, ta yaya za mu bincika? A nuna mana a aikace.

Auta: Kawu, fara da abin da ke jikin saƙon. In ka ga kibiya biyu a samansa da rubutun Forwarded many times, to ya bi hannaye da yawa kafin ya iso gare ka, wanda ya turo maka ma bai san mafarinsa ba. Tun 2020 WhatsApp ba ya bari a tura irin wannan sai wuri ɗaya a lokaci guda, saboda jita-jita.

In hoto ne, akwai Google Lens a yawancin wayoyin Android. Ka sa hoton a ciki, zai nuna maka shafukan da ya taɓa fitowa. Sau da yawa za ka tarar hoton "abin da ya faru yau" ya shekara biyar yana yawo, ko daga wata ƙasa ma aka ɗauko shi.

Anti: Wannan na hoton ba ƙaramin abu ba ne. BBC ta yi bincike a 2018 kan rikicin Filato na watan Yunin shekarar, ta gano cewa wani bidiyo mai tayar da hankali da aka yi ta yaɗawa a Facebook a matsayin na Filato, a Kongo Brazabil aka ɗauke shi tun 2012. Mutane sun gani ransu ya ɓaci, aka tare hanya aka kashe waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Ni tun daga nan, in abu ya sa jinina ya tafasa nan take, shi nake fi zargi. Ajiye wayar nake yi sai na huce.

Malam: Akwai kuma masu aikin tantance labarai. Dubawa tana nan tun 2018, akwai Africa Check, akwai Alkalanci da ke yi da Hausa. Ka rubuta kan labarin a Google tare da sunan ɗaya daga cikinsu. Sannan ka leƙa BBC Hausa, DW, RFI, Aminiya. In an ce babban abu ya faru, awa uku ta wuce ba ko ɗaya da ta ɗauka, ka riƙe hannunka.

Maman Sadiq: Murya fa? Yanzu ana haɗa muryar mutum da fuskarsa yana faɗin abin da bai faɗa ba.

Auta: Haka ne Yaya. Ki kalli leɓe ko yana tafiya daidai da maganar, amma kada ki dogara da ido kaɗai, don kullum ƙara gogewa suke. Ki je shafin mutumin na ainihi ki ga ko ya sa abin. In kuma ɗan uwa ne yake neman kuɗi, ki kira shi ta layi ki ji bakinsa.

Anti: Ƙari ɗaya ga 'yan matanmu. Hoton da aka ce kallo ɗaya ake masa ya ɓace, ana iya ɗaukarsa da wata wayar. Abin da ba za ki so Baba ya gani ba, kada ya bar wayarki. Kuma a daina sa hoton yara da rigar makaranta, ga sunan makarantar ɓaro-ɓaro a ƙirji.

Malam: Kada kuma mu tsaya a tsaron kai kaɗai. Auta, kai da ke da Hausa da Turanci, akwai Wikipedia ta Hausa, kowa na iya gyarawa ko ƙara bayani muddin ya kawo madogara. Akwai Common Voice na Mozilla, inda ake karanta jimloli da murya don na'ura ta koyi harshenmu. Datar da ke ƙarewa a kallon rigimar mutane, a raba ta biyu.

Kawu: To a sa rana. Juma'a bayan la'asar a gidana, kowa ya zo da wayarsa cike da caji, iyayenmu mata su ne a gaba. Auta zai bi su ɗaya bayan ɗaya ya sa makullin, ya kuma rufe yadda baƙo ba zai jefa su cikin zaure ba tare da izininsu ba.

Maman Sadiq: Alhamdulillah, lambobin sun shigo, na sa, ya buɗe bai nemi wani makulli ba. Mutum goma sha ɗaya ya yi wa magana, yanzu zan kira su ɗaya-ɗaya in ji ko akwai wanda ya tura. Auta, tsaya kusa da wayarka, ina son mu sa mata nata makullin kafin in tashi daga nan.