Wai Nasser Al-Attiyah iya tuƙi ne ko kuɗin Qatar ne kawai?

Ɗan_Fagge:
Salam jama'a. Dan Allah masu bin harkar tseren motoci ku zo ku raba mana gardama. A majalisarmu wani ya kunna bidiyon Balaraben nan ɗan Qatar, Nasser Al-Attiyah, yana hawa tudun yashi da Hilux yana dirowa kamar motar ba ta da nauyi, ni na ce wannan bawan Allah gwani ne, abokina kuma ya kafe wai babu wata gwaninta, kuɗi ne kawai, ɗan manya ne a ƙasar da gas ya yi wa yawa, wai a ba direban Kano zuwa Maraɗi irin motar nan shi ma zai ɗauko kofi. Wanda ya san tarihin mutumin ya ɗan warware mana, tun yaushe yake wannan harka kuma me ya ci?

Abba_Rijiyar_Zaki:
Wslm ɗan uwa. Ka gaya wa abokin naka ya sha ruwa tukunna. An haifi Nasser a Doha a 1970, ya fara shiga gasar Dakar, wato babban tseren motocin nan na cikin sahara da ake yi duk shekara, a 2004 da Pajero ya ƙare na goma, kuma sai da ya kai 2011 kafin ya ci. Da kuɗi ke sayen abin ai ba zai yi wannan jiran ba. A 2010 ma sati biyu ana fafatawa, dubban kilomita, amma minti 2 da sakan 12 kacal Carlos Sainz na Sifaniya ya ba shi, kuma dukkansu Volkswagen suke ja, kamfani ɗaya. Shekara na zagayowa ya rama.

Abin da ni ya fi burge ni shi ne motocin. 2011 da Volkswagen Touareg, 2015 da Mini, sai 2019 da 2022 da 2023 da Toyota Hilux. Kamfani uku daban, kowace da halinta, biyun farko dizal suke sha, Hilux ɗin fetur. Nasarar 2019 ɗin nan da aka yi a Peru ita ce karo na farko da Toyota ta zo ta ɗaya a ajin motoci a Dakar, duk da shekarun da ta yi tana nema. Kuma ba yashi kaɗai ya iya ba, ya ci kambun duniya na ajin motocin kasuwa a gasar WRC, wato gasar tseren rali ta duniya, a 2006, ya ci WRC2, aji na biyu na gasar, a 2014 da 2015, gasar Gabas ta Tsakiya kuwa ya cinye ta fiye da sau goma.

Sannan mutumin maharbi ne fa. Irin harbin nan da inji ke cilla faifan yumɓu sama kai kuma ka fasa shi da bindiga kafin ya faɗo. Ya wakilci Qatar a Olamfik tun daga Atlanta 1996 har Rio 2016, a Athens 2004 ya zo na huɗu, a Landan 2012 ya samu tagulla. To wannan kuma wane kamfani ne ya riƙe masa bindigar?

Oga_Bakanike_Ƙofar_Ruwa:
Ni ta ɓangaren ƙarfe zan yi magana don nan na fi ƙarfi. Yara da yawa suna zuwa gareji suna cewa oga a ɗaga min Hilux ɗina ta koma irin ta Dakar, dariya kawai nake. Waccan suna da fitilu kawai ta haɗa da taku. Cikinta bututun ƙarfe ne aka yi wa walda kamar keji, bodin kuma wani abu ne mara nauyi aka rufa a kai, a Afirka ta Kudu ake ƙera ta. Wadda ya ci 2022 da ita injin V6 ne lita 3.5 mai turbo biyu (na'urar ƙara wa inji ƙarfi) irin na Land Cruiser 300, taya inci 37, shokozoba kuma tana iya nutsewa ta miƙe har milimita 350.

Amma ga inda maganar abokinka ta rushe, Ɗan_Fagge. Su ma waɗanda yake tsere da su ai ba a Keke Napep suka zo ba. Manyan direbobi irin su Sainz da Peterhansel da Loeb duk motocin kamfani ne a hannunsu da injiniyoyi da tireloli cike da kayan gyara. In kowa na da kuɗi to saura me? Saura wanda ya san lokacin da zai ɗaga ƙafa. Akwai ranar da ake kwana a daji babu makanikai, direba da mai karanta masa hanya su za su duba motarsu da hannunsu, in ka kashe kuloci ko ka fasa tayoyinka duka da rana to kai ka jiyo. Shi kansa Nasser ɗin a 2017 tun kwanakin farko ya daki wani abu ƙafar motar ta cire, ya tattara ya koma gida, kuɗin Qatar na nan bai hana ba.

Sarkin_Musu:
Duk na ji amma ku daina yi kamar kuɗi ba komai ba ne. Oga da girmanka, talaka zai iya biyan kuɗin shiga gasar ma kuwa, balle mota da mai da jirgi? Yaro nawa ne a Kurna ko Brigade da in da sun samu wanda zai tsaya musu tun suna shekara ashirin da an ji sunansu? Ni ban ce bai iya ba, cewa na yi an share masa hanya. Kuma siyasar kamfani ma tana ciki, a 2014 ƙungiyar Mini ta umarci direbobinta kowa ya tsaya a matsayinsa, Nani Roma ya ci, Nasser ya ƙare na uku. Ka ga ba kullum ƙafa ke magana ba.

Baba_Tsohon_Direba:
Assalamu alaikum 'ya'yana, jikana ne ya karanta min na ce ya rubuta abin da zan faɗa. Na yi shekaru ina jan babbar mota daga Kano ta Zinder zuwa Agadas, lokacin kuwa tseren nan a ƙasarmu ta Afirka ake yinsa, daga Faris ake tasowa a ratsa sahara a ƙare a Dakar ta Senegal, kuma Agadas zango ne babba gare su, a 1997 ma daga Dakar suka taso suka zo Agadas suka juya. Sai 2008 aka soke saboda tsaro a Muritaniya, suka tafi Kudancin Amurka, tun 2020 kuma a Saudiyya suke yi.

Yaron da ya ce a ba direban Maraɗi mota, Allah ya yi masa albarka, bai san rairayi ba. Kwalta daban yashi daban. Da sassafe yashi na da ƙarfi saboda sanyin dare, rana na take tsaka ya saki, kuma a lokacin inuwa ta ɓace, ido ba ya bambance rami da tudu, duk fari fat. Tudun yashi gefen da iska ke bugawa a daddale yake, bayansa kuma gangare ne mai laushi a tsaye, in ka taho da wuta ka haye ba ka san me ke baya ba da hanci za ka sauka, in ka ji tsoro ka rage da wuri cikin motar ya zauna a kan tsinin, tayoyi huɗu suna juyawa a banza, sai shebur. Mu mukan sace iskar taya ta yi faɗi, mu shimfiɗa faranti, mu jira la'asar. Shi wannan ba shi da damar jiran la'asar, agogo na bin sa.

Abba_Rijiyar_Zaki:
Allah ya ƙara lafiya Baba, wlh ka gama magana. Ƙari a kai, ba taswirar waya suke bi ba, littafin hanya ake ba su dab da tashi, zane-zane ne da lissafin kilomita da alkibla, na kusa da direba yana karantowa motar na tsalle da su, in suka tsallake wani wurin da aka wajabta a ratsa a ƙara musu lokaci a matsayin tara. Bafaranshen nan Mathieu Baumel shi ne a gefensa a nasarori huɗu daga 2015 zuwa 2023, na 2011 kuma Bajamushe ne Timo Gottschalk.

Sarkin_Musu maganarka ta kuɗin shiga gasa gaskiya ce, babu mai musu. Amma attajiran Larabawa da Turawa nawa ne ke shiga Dakar duk Janairu da motoci masu tsada, su ƙare na talatin ko a ɗauko su a jirgi mai saukar ungulu? Sébastien Loeb fa sau tara a jere ya ci WRC daga 2004 zuwa 2012, amma a 2022 da 2023 duk bayan Nasser ya biyo a Dakar.

Maman_Hanan:
Ni dai roƙona kada samarinmu su karanta wannan su ce su ma Nasser ne. Shi da hular kwano da bel da keji a cikin mota yake, a daji, likitoci na bin sa ta sama. Namu kuwa ranar ɗaurin aure za su ari motar baba su zo tsakiyar unguwa suna juyi, yara na tsaye a bakin kwata suna kallo. Oga Bakanike ku ma in sun kawo gyara ku riƙa yi musu faɗa dan Allah.

Oga_Bakanike_Ƙofar_Ruwa:
Hajiya muna yi wlh, ba sa ji ne. Duk Litinin sai an jawo mana guda da igiya.